Ba Kowane Jan Mai Ne Man Giyar A-Kori-Kura Ba

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko unguwar makanikai ta Apo a Abuja, in mai mota ya tsaya bakin shago ya ce a ba shi man giyar atomatik, tambayar da aka fi yi masa ita ce: “Lita nawa, Alhaji?” Ba kasafai ake tambayar wace mota ce ba, balle shekarar ƙirarta, balle irin giyabos ɗin da ke ƙarƙashinta. Yaron shago zai miƙo gora, a kwance murfi, a ga mai ja wur, kowa ya gamsu. Shekaru talatin da suka wuce irin wannan ciniki bai cika jawo ɓarna ba, domin a lokacin mai iri ɗaya ko biyu ne ke yi wa mafi yawan motoci. Yau abin ya canja, kuma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa su ne masu a-kori-kura ta zamani: Hilux da Tacoma da Tundra da Ranger da Navara da sauran danginsu.

Tsofaffin direbobi sun san a-kori-kura ne a matsayin motar giyar hannu. Peugeot 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, wadda ta yi shekaru tana jigilar hatsi da awaki tsakanin kasuwannin ƙauye, man giyarta bai taɓa zama abin muhawara ba. Amma yanzu ma'aikatu da kamfanonin gine-gine da ƙungiyoyin agaji suna sayen Hilux mai atomatik, in ta kwana biyu a yi gwanjonta ta faɗo hannun ɗan kasuwa ko manomi. Ga kuma waɗanda ake shigowa da su ta Legas da Kwatano bayan an gama morarsu a Amurka, inda atomatik ta zama ruwan dare tun tuni. Motar ta zo, amma littafinta bai zo ba, kuma sanin abin da ake zuba mata bai bi ta ba.

Kafin a zo kan sunayen mai, ya kamata a san aikin da yake yi, don daga nan ne tsananin ya samo asali.

A giyar hannu, babban aikin mai shi ne shafe haƙoran ƙarfe kada su ci juna. A atomatik kuwa man da kansa yana cikin kayan aikin. Tsakanin inji da giyabos akwai wani ƙaton kwano rufaffe da makanikai ke kira konbata. A cikinsa fanka biyu ce ke fuskantar juna, ɗaya haɗe da inji, ɗaya haɗe da giya, kuma ba ƙarfe ne ya haɗa su ba. Ta inji ce ke watsa mai da ƙarfi, man ya doki ta giya ya juya ta. Wato duk sanda Hilux ta tashi daga tsaye da buhu ashirin na masara a bayanta, mai ne ya ɗauki ƙarfin injin ya miƙa wa tayoyi. Bayan wannan, famfon giya yana tura man ta wasu siraran hanyoyi a cikin gidan bawul, inda kwamfutar motar ke buɗewa tana rufewa, matsin man ya danne kulocin da ake so ya saki wanda ba a so. Haka giya ke canjawa ba tare da direba ya taɓa komai ba. Man ne kuma ke shafe haƙora da boris, shi ne ke kwashe zafi ya kai lagireto a huce shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Kulocin atomatik faifai ne sirara jere da juna, na ƙarfe da waɗanda aka lulluɓe da wani abu mai kama da takarda, waɗanda ake kira faiba a gareji, kuma a cikin mai suke aiki tsundum. Ana so man ya bar su su ɗan zame na ƙiftawar ido sannan su kama. In santsin ya yi yawa, faiba za ta yi ta zamewa tana zafi har ta ƙone. In ya yi kaɗan, sai ta cafke da ƙarfi, motar ta yi zillo, direba ya ji duka a bayansa. Kowane kamfani yana zaɓar irin faibarsa, ya tsara lissafin kwamfutarsa, sannan ya haɗa man da santsinsa ya dace da su biyun. Ba a ƙera giyabos sannan a je neman mai. Tare ake tsara su.

Shi kuwa jan launin rini ne kawai. Ana sa shi don in mai ya ɗiga a ƙasa a bambance shi da baƙin man inji. Ba ya faɗin komai game da kauri ko santsi. Akwai ma man atomatik na gaske da ba ja ba ne sam, kamar wanda kamfanin ZF na Jamus ke yi wa giyabos ɗinsa mai giya takwas, wanda ke cikin Ram 1500 tun 2013.

Tarihin yadda aka kai ga wannan rarrabuwa ba shi da tsawo. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da atomatik ga jama'a da yawa, a motar Oldsmobile ƙirar 1940. A 1949 ya fitar da ƙa'idar mai da ya kira Type A, kuma na tsawon shekaru kusan kowa da ita yake amfani. A 1967 hanya ta rabu biyu: General Motors ya fito da Dexron, Ford ya fito da Type F. Bambancinsu kuwa a kan wannan batu na santsi ne. Dexron yana da sinadarin da ke tausasa kamun kuloci, Type F ba shi da shi, domin giyar Ford ta lokacin kamu mai ƙarfi take so. Duk biyun ja ne, amma in aka musanya su giya ba ta shiga daidai.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, man atomatik na farko-farko yana ɗauke da man da ake tatsa daga jikin wel, dabbar nan ta teku da ta fi giwa girma nesa ba kusa ba. Da Amurka ta hana cinikin man wannan dabba a farkon shekarun 1970, dole masana sinadarai suka koma suka sake haɗi, Dexron II ya fito a 1973. Ford ya kawo Mercon a 1987, Dexron III ya zo a 1993. Wannan zamanin na Dexron II da III shi ne ya zauna a zukatan makanikanmu, domin Toyota da Nissan da sauran kamfanonin Japan ma da shi suka daɗe suna aiki. Duk wanda ya koyi sana'a a wannan lokaci ya tashi da sanin cewa man atomatik, wato ATF, abu ɗaya ne, kuma a lokacin kusan gaskiyarsa ce.

Neman rage shan fetur ne ya wargaza wannan zaman lafiya. Kamfanoni suka ƙara yawan giya, daga huɗu zuwa biyar, zuwa shida, takwas, har goma. Suka sa wa konbata kuloci na kulle shi in mota ta miƙe hanya, kuma suka koya wa kwamfuta ta riƙa barin wannan kulocin yana ɗan zamewa da gangan don kada a ji girgiza. Suka kuma rage kaurin mai, domin mai kauri yana cin ƙarfin inji wajen juya shi. Ana auna kaurin ne da ma'aunin santistok a zafin digiri 100. Dexron III sabo yakan kai bakwai da ɗoriya. Dexron VI, wanda ya fito a 2005, ba a yarda ya wuce 6.4 ba. Man WS na Toyota yana wajen biyar da rabi, shi kuwa ULV na giya goma yana wajen huɗu da rabi. A ido bambancin ba ya da yawa, amma a cikin hanyoyin gidan bawul, inda ake lissafi da ɓangaren daƙiƙa, shi ne komai.

To wane ne na wace mota?

Tunda Toyota ce ta cika titunanmu, bari a daɗe a kanta. Tsofaffin Hilux masu giya huɗu, waɗanda giyabos ɗinsu ke cikin dangin A340, sun fara ne da Dexron, daga baya Toyota ya koma rubuta musu nasa man mai suna Type T-IV. Da giya biyar ta zo, wato A750 da ke cikin Tacoma mai silinda shida tun 2005 da kuma wasu Hilux na wannan zamani, sai aka koma WS. Hilux ɗin da ta fito daga 2015 mai giya shida, da Tacoma daga 2016, da Tundra mai giya shida daga 2007, duk WS ne. Toyota ya rubuta wa dillalansa ƙarara cewa WS ba ya haɗuwa da T-IV ko Dexron. Wato ba a ce tunda WS ne sabo a zuba wa tsohuwar giya don an fi son ta, ba a kuma ce tunda Dexron ya fi araha a ɗura wa sabuwa. Ya kuma gargaɗe su cewa WS yana jan danshi daga iska, don haka ragowar da aka bari a buɗaɗɗiyar gora ba abin dogaro ba ce.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, a mota ɗaya ana iya samun jan mai iri biyu. Hilux mai fawa sitiyari na mai, tankin sitiyarin Dexron II ko III yake sha, alhali giyabos ɗinta WS take so. Yaron gareji da ya ga ogansa ya ƙara wa sitiyari daga wata gora, gobe shi ma zai ɗauko ta ya ƙara wa giya, da zuciya ɗaya.

Ford Ranger da aka fara ƙerawa daga 2011, wadda masana'antar Silverton ta Afirka ta Kudu ke cikin masu fitar da ita, tana da giya shida mai lamba 6R80, manta kuma Mercon LV ne. Mai giya goma, 10R80, wadda Ford ya fara sa wa F-150 a 2017 kafin ta iso Ranger, Mercon ULV take sha. Akwai kuma Mercon V na tsofaffin motoci. Sunayen sun yi kama har mutum ya ɗauka harafi ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma Ford bai yarda a musanya su ba. Nissan Navara da Frontier masu giya biyar Matic J aka rubuta musu, daga baya Matic S ya maye gurbinsa. Tsofaffin Dodge Ram kuwa ATF+4 ne nasu.

General Motors ya sauƙaƙa wa mutanensa: ya ce Dexron VI yana iya maye gurbin Dexron III a giyar atomatik ta motocinsa. Amma a lura, a motocinsa ya ce. Wannan izini bai hau kan tsohuwar Hilux da littafinta ya ce Dexron III ba. Sannan akwai wani batu da ya shafi kusan kowace gora da ke kan kantar shagunanmu. Tun ƙarshen 2006 General Motors ya daina ba da lasisin Dexron III, Ford ma ya rufe na Mercon na asali a 2007. Ma'ana duk gorar da aka rubuta wa Dexron III a yau, ba mai sunan ne ya gwada ta ya sa hannu ba, mai haɗa man ne ke shaidar kansa. Manyan kamfanonin mai da ke tsoron zubewar sunansu suna yin na kirki har yanzu. Wanda ba shi da sunan da zai kare kuwa, babu mai riƙe hannunsa.

Yadda mai mota zai gane nasa ba shi da wuya in ya san inda zai duba. Littafin motar ne farko, a shafukan ƙarshe inda ake jera ma'aunin mai da ruwa. In babu littafi, a zaro gejin giya a goge shi a duba, domin Toyota yakan zana sunan man a jikin gejin ko a kan mariƙinsa. In motar ba ta da geji, a leƙa ƙasa a duba noti na zuba mai da ke gefen giyabos. A giyar Toyota mai shan WS sau da yawa an buga harufan nan biyu a kansa. Akwai kuma farantin bayanai na kamfani, ko takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, inda Toyota ke rubuta lambar giyabos, kamar A340F ko A750F. Da wannan lamba da lambar shasi, duk dillalin kirki zai iya faɗin man da ya dace, kuma littattafan yawancin motocin nan suna nan a intanet kyauta.

Sai dai a ƙasarmu akwai ƙarin tambaya ɗaya da Ba'amurke ba ya bukatar yi: giyabos ɗin da ke cikin motar, ita ce ta asali? A-kori-kura da ta bi hannu uku ko huɗu, ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa sauke giyarta an ɗora 'yar Beljiyam daga wata shekarar ko wata ƙirar. A nan takardar ƙofa ba ta da amfani. Lambar da ke jikin giyabos ɗin kanta ita ce abin bi, ko da sai an wanke laka an haska tocila kafin a gan ta.

Daga nan sai batun gorar da aka rubuta wa cewa tana yi wa motoci iri-iri. In aka juya bayanta za a ga jerin sunaye rututu: Dexron, Mercon, T-IV, WS, Matic S, duk a gora ɗaya. Ba za a ce duk yaudara ba ce. Kamfanoni irin su Valvoline da Castrol da Mobil suna yin irin wannan mai, kuma mutane da yawa sun yi amfani da shi ba tare da matsala ba. Amma hankali ma ya nuna cewa mai ɗaya ba zai zama mai kauri bakwai kuma mai kauri biyar da rabi a lokaci guda ba; tsaka-tsaki aka nema. Akwai kuma bambanci tsakanin gorar da ta ce kamfanin mota ya amince da ita, har da lambar lasisi, da wadda ta ce mai haɗa ta yana ganin ta dace. Ga motar da ke ɗaukar lodi a zafin Sakkwato, ra'ayin wannan marubuci shi ne a nemi ainihin wanda aka rubuta, ko na kamfanin da ya ƙera giyabos ɗin. Aisin, alal misali, shi ke ƙera giyar atomatik ta Hilux da Tacoma, kuma yana sayar da T-IV da WS da sunansa. Mai iri-iri a bar shi sai ranar da aka rasa na ainihi, kuma ko a ranar a tabbata sunan da ake nema yana cikin jerin.

Akwai waɗanda ba a ma kusantarsu. Man giyar CVT ta ƙananan motoci dabam yake, ko da ja ne. Man aksul mai lamba 80W-90 ko 85W-140 na haƙoran baya ne, in ya shiga atomatik an gama da ita. Haka nan ƙananan kwalaben nan da ake tallar cewa suna hana giya zamewa: abin da suke yi shi ne canja santsin da injiniyoyi suka ɓata shekaru suna daidaitawa.

Jabu kuwa ciwo ne da ya fi ƙarfin mai mota shi kaɗai. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama gurɓataccen man mota a kasuwanni, kuma gorar da ta fi tsada ita ce ta fi jan hankalin masu wannan mugun aiki. Ana tattara gorunan da aka juye, a cika su da mai marar sinadari, a sa rini, a liƙe. Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya saya a wurin dillalin da aka sani, ya duba hatimin murfi da idonsa, ya yi shakkar duk farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, ya kuma tsaya a buɗe gorar a gabansa. In an gama, a huda gorunan kafin a yar. Man da ake aunawa daga jarka ko durom a bakin titi, wanda ba wanda ya san sunansa, bai kamata ya shiga giyar atomatik ba ko da na ƙari ne.

Zaɓen mai rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne sanin lokacin juye shi, kuma a nan ne wata kalma ta cuci mutane da yawa. Da aka fara fitar da giyabos marar geji, sai magana ta bazu cewa an rufe ta ne har abada, ba a canja mata mai. Ko a Amurka ba haka littafin ya ce ba. Jadawalin Toyota na Tacoma ya ce motar da ke jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi a canja mata man giya a mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000. ZF ma ya taɓa ba da shawarar juye man giyarsa tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 in aikin mai tsanani ne. Abin da su ke kira aiki mai tsanani, shi ne aikin yau da kullum na a-kori-kura a Arewa.

Zafi ne ke kashe man giya. Yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80, kuma masana man inji suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri goma yana ninka saurin lalacewar mai. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri da Sakkwato da Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, lagireto da kansa yana fama. A ɗora wa motar lodin da ya fi ƙarfinta, a sa ta cikin yashi tana nishi, ko a tsayar da ita awa guda a cunkoson Mararaba, konbata na ta murza mai ba tare da ya kulle ba. Man zai yi duhu, sinadarinsa ya ƙare, ya fara barin datti a bawul. Direban da ya san hannunsa yakan sa ƙaramar giya ta taya huɗu, wato L4, in ya shiga yashi mai zurfi, ya kuma riƙe giya ta ƙasa a hawan dutse maimakon ya bar ta tana hawa tana sauka. Wannan kaɗai yana rage zafin sosai. Mai jan kaya kullum kuma, ƙarin ɗan lagireton man giya a gaban motar ba asarar kuɗi ba ne.

Gwajin man ba ya bukatar na'ura. A ɗiga shi a kan farar takarda. Ja mai haske ko ja mai ɗan duhu, lafiya lau. Ruwan ƙasa mai duhu, lokacin juye ya yi. Baƙi mai warin ƙuna, musamman in ana jin gari-gari tsakanin yatsu, faiba ce ta riga ta ci wuta, kuma sabon mai ba zai dawo da ita ba. In kuwa ya fito fari-fari da kauri kamar an dama madara da zoɓo, to ruwan lagireto ya shiga, a kashe motar nan take. Wannan ya faru da Nissan Frontier da Pathfinder da Xterra da yawa na shekarun 2005 zuwa 2010 a Amurka, inda bututun huce man giya da ke cikin lagireto ya riƙa fashewa, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton. Irin waɗannan motoci suna cikin waɗanda ake shigowa da su nan, don haka mai shirin sayen ɗaya ya fara da duba man giyarta. Al'adar cika lagireto da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji na gaske tana jawo tsatsar da ke kai kowace mota ga wannan hali.

A garejin da aka san aiki, juyen man Hilux marar geji yana da tsari. Ana ɗora motar a kan rami ko wuri mai daidai, ba a gangare ba. Makaniki zai fara kwance notin zubawa na gefe, kafin ya taɓa na juyewa, don kada ya zubar da mai sannan ya tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Sai ya kwance na ƙasa ya tari man a cikin mazubi mai ma'auni. Abin da zai fito bai fi lita uku zuwa huɗu ba, alhali giyabos ɗin gaba ɗaya tana ɗauke da lita goma ko fiye. Sauran yana cikin konbata da bututai. In ya sauke kwanon ƙasa, zai tarar da ƙananan maganaɗisu a ciki. Laushin baƙin gari a jikinsu ba komai ba ne, a goge a mayar. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ne abin tsoro. Ya duba rariyar, ya sa sabon gasket, ya tura sabon mai da famfon hannu gwargwadon abin da ya fito da ɗan ƙari.

Sannan a tayar da inji. Yaro yana ciki, ƙafarsa a kan birki, yana bi da giya ɗaya bayan ɗaya, daga P zuwa R zuwa N zuwa D, ya dawo. Ogan yana riƙe da na'urar gwaji da ya jona a ƙarƙashin sitiyari, idonsa a kan zafin man. A giya shida ta Tacoma, alal misali, ana jira ne ya kai tsakanin digiri 35 da 45. Da ya shiga wannan tazara, injin na aiki, sai a kwance wani ƙaramin noti na uku a gindin kwanon, wanda ke da bututu a tsaye daga ciki. Rarar man za ta zubo, in ta koma ɗigo a ɗaure. Dalilin jiran zafin shi ne mai yana kumbura in ya yi zafi: in aka auna da sanyi za a cika shi fiye da kima, in aka auna da zafi sosai za a zubar da wanda ake bukata. A yanayinmu tazarar ba ta daɗewa, shi ya sa masu lura suka fi son yin wannan aiki da sassafe.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne na wanda ya saba da giyar hannu, ya yi ta ɗura mai ta ramin gefe har sai ya tumbatso, ya ɗaure, ya ce an gama. Mai in ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta danna kuloci. In ya yi kaɗan, famfo ya zuƙi iska. Duk biyun ƙarshensu zamewar giya ne da zafi.

Tunda juye ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku yake fitarwa, mai son sabunta man sosai yakan maimaita sau uku, da 'yar tafiya a tsakani. Lissafin ya nuna bayan na ukun kusan kashi 70 cikin 100 na man sabo ne. Wannan hanya ta fi kwanciyar hankali ga tsohuwar motar da ba a san tarihinta ba, a kan a jona mata na'urar wanke giya da sinadari. Maganar da ake yawan ji a gareji, cewa “Oga, in ka canja wa tsohuwar atomatik mai za ta daina tafiya,” tana da tushe amma an juya ta. Giyar da ta tsaya bayan juye, faibarta ta riga ta cinye, garin da ke yawo a tsohon man ne ke ɗan riƙe ta. Mafi yawan lokuta kuma ba a tuna da juyen ba sai da ta fara ciwo, ko kuwa man da aka zuba ba nata ba ne.

Wanda ya gano an riga an zuba wa motarsa man da ba nata ba, kada ya jira sai ta nuna alama. Alamun sanannu ne: jinkiri kafin ribas ta shiga da safe, duka lokacin canjin giya, inji ya yi ƙara motar ba ta ƙara gudu ba, ko wata 'yar karkarwa da ake ji a jikin motar in an miƙe hanya ana taka totur a hankali, wadda daga kulocin konbata take zuwa. In an yi sa'a ba a yi nisa ba, juye uku da man da ya dace yakan gyara lamarin. In warin ƙuna ya riga ya fito, sai dai a sauke giyabos a buɗe, kuma kuɗin faiba da gasket da aikin hannu, ko na sayen wata 'yar Beljiyam, ya ninka kuɗin lita goma sha biyu na WS sau da yawa. Bayan an gama, makaniki ya rubuta sunan man da kilomitar da motar take kai a ranar, a manna a ginshiƙin ƙofa kusa da takardar kamfani, yadda direban da zai karɓi motar gaba da yaron garejin da zai ƙara mata mai za su gani.